Mace Ba Ta Fara Yi Wa Amarya Barka

Takalmi na fara gani. Silifas ja, an tuɓe su da gaggawa, ɗaya ya hau kan ɗaya, a daidai gefen ƙofa inda nake ajiye nawa. Na san su, don ko da safe sai da na tsallake su a ɗakinmu. Na tsaya da jakar makaranta a baya ina kallon su, daga can cikin kicin kuma dariyar mutum biyu na tashi.

Gidan maƙwabciyarmu ne a Barking, bango ɗaya ya raba mu da ita. Tsohuwa ce mutuniyar Ireland, daga wani ƙauye a yammacin ƙasar, ta zo Landan tun tana sabon aure. Mijinta ya rasu kafin mu tare a layin, 'ya'yanta kuma kowa yana gidansa. Idonta ya yi rauni, amma hannunta bai manta ɗinki ba. Abin da ya gagare ta kawai shi ne zura zare a allura. Ina da shekara goma Umma ta aike ni in kai mata naman sallah, na same ta a bakin taga tana ta fama, na karɓa ban ce komai ba na zura mata. Tun daga ranar, duk Alhamis takan bar mini ƙofa a sakaye. In na taso daga makaranta sai in shiga in zura mata allura ashirin, goma da farin zare, shida da baƙi, huɗu da kalar da ta zaɓa, in soke su a jere jikin wani ɗan matashi mai kama da tumatir. Su za su kai ta mako. Ita kuma ta dafa shayi, ta yanka mini burodin da take gasawa da kanta. Shekara uku muna haka.

Ba ma yawan magana, abin da ya sa nake son gidan ke nan. A makaranta kullum malamai suna rubuta wa Abba cewa ba na ɗaga hannu a aji. A gida baƙi sukan tambayi Umma ko 'yar tata ba ta magana ne. A kicin ɗin tsohuwar babu mai jiran in ce wani abu. Na san kofin da take so, mai ɗan tsagi a kunne. Na san idan ta dafa ƙugu kafin ta zauna, ranar ciwon ya tashi, sai in matso mata da kwandon ɗinki kusa. Na ɗauka ita ma shirun take so.

Mai silifas ɗin 'yar kawuna ce. Mako biyu ke nan da zuwanta daga Kano. Kawu ya sami aiki a wani gari a arewacin Ingila, aka bar ta a wurinmu ta fara makaranta kafin su sami gida. Ta girme ni da shekara ɗaya da wata biyu, Umma ta ce dole in riƙa ce mata Yaya. Taubashiyata ce, kuma ba ta wasa da taubasantakar: tun a filin jirgi ta raɗa mini Baturiya.

Da na shiga kicin a kujerata na same ta. Ba ta san tawa ba ce. Umma ce ta aike ta ta mayar da wani faranti, ta zauna. Ta shafa wa burodin man shanu da kauri, irin shafawar da ban taɓa iya yi ba don kunya. Fuskar tsohuwar ta yi ja saboda dariya. Sai ranar na san tana da haƙorin ƙarfe a can ciki.

"Baturiya, zo ki ji," in ji Yaya da Hausa. "Kin san Kaka da agwagwa aka nemi aurenta?"

Kaka. Shekara uku ina kiran ta da sunan mijinta, kamar yadda muke kiran malamai. Yaya ba ta cika awa ɗaya a gidan ba ta ba ta suna, ta koya mata ma'anarsa, tsohuwar kuma sai maimaita shi take yi tana ja, tana jin daɗi.

Hoton da ke kan kanta ne ya jawo zancen, hoton aurenta, baƙi da fari. Na san hoton nan fiye da kowa. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki, hannun kwat ɗin ango ya yi masa gajere, a ƙasa ta hagu akwai wutsiyar kare da ya wuce. Ban taɓa tambaya a kansa ba. Yaya ta ɗauko shi, ta goge da gefen mayafinta, ta tambaya wane ne wannan kyakkyawan, shi ke nan.

Na zauna a ɗaya kujerar na fara zura allura, ina ji. Ta ce a ƙauyensu wani dattijo ne yake shiga tsakani ya haɗa aure. In an fara daidaitawa sai uban yarinya ya je ya zagaya gonar saurayi da ƙafa, ya duba katanga, ya duba rufin ɗaki, ya duba shanu. Babanta ya ga shanu shida ya gamsu, sai bayan biki aka gane biyu na maƙwabci ne, aro aka yi. In an gama magana sai a yanka dinya, ƙatuwar agwagwar nan mai dogon wuya, a gidan yarinya, a gayyato saurayi. Da zarar ya ci naman ba shi da damar janyewa. Yaya ta yi dariya har tana buga tebur, ta ce a wurinmu goro da alewa ne, an raba an gama. Tsohuwar ta ce mene ne goro. Yaya ta ce gobe za ta sato mata ɗaya daga na Abba. Na gama allura ashirin, na soke su, na sha shayin da ya huce. Da zan fita tsohuwar ta ce mini na gode kamar kullum, amma idonta yana kan Yaya.

Daga nan Yaya ba ta da rana. Litinin ta shiga, Talata ta shiga. Ɗakinmu yana jikin bangon, ina aikin makaranta ina jin muryoyinsu, ba na jin kalmomin, tashi da saukarsu kawai. In ta dawo sai ta zube a gado ta ba ni labarin da ban tambaya ba. Wai a ƙauyen tsohuwar ana tsakar biki sai samarin da ba a gayyata ba su shigo, kowa da doguwar hular bambaro mai tsini da ta rufe fuska har kafaɗa, babu mai sanin su, shugabansu ya yi rawa da amarya, a ba su abin sha, su fice. Rashin zuwansu ma abin kunya ne ga masu biki. Wai amarya ba ta komawa daga coci ta hanyar da ta zo, sai an zaga da ita ta doguwar hanya. Wai in tana rawa ba ta ɗaga ƙafa biyu gaba ɗaya daga ƙasa, kada mutanen ɓoye su sure ta, don suna son amare. Yaya ta ce su ma ashe ba sa kiran sunansu kai tsaye, kamar mu.

Ranar Alhamis ina nan ina ganin yadda abin yake tafiya. Musaya suke yi. Tsohuwar ta ce a wurinsu kafin azuminsu ake gama aure, wanda ya rage bai yi ba, ranar Lahadi yara su bi shi a hanyar coci su zana masa alli a bayan riga. Yaya ta ce ai mu da azumi igiya ake saka wa gwauro a zaga gari da shi ana kiɗa. Tsohuwar ta ce uwar miji takan tsaya a bakin ƙofa ta fasa busasshen burodi a kan amarya kafin ta shiga. Yaya ta kawo kamu, yadda amarya take ɓuya cikin ƙawaye an lulluɓe su duka, dangin ango su yi ta nema. Ta kawo buɗar kai, ta kawo sayen baki, ta tashi tsaye ta gwada yadda tsofaffi suke yi wa amarya faɗa suna kuka. Wata rana ma ta zo da lalle ta zana wa tsohuwar ɗan fure a bayan hannu, tsakanin jijiyoyi, tsohuwar ta kwana uku tana nuna wa mai kawo wasiƙa.

Sau ɗaya ta juyo gare ni ta tambaye ni a bikin wa na taɓa yin rawa a ƙasarmu. Ina da shekara biyar aka taho da ni. Bikin da na sani shi ne wanda ake kama ɗakin taro a Abbey Wood, a kawo shinkafa a manyan kuloli, yara mu zauna a teburin baya muna danna waya. Na buɗe baki ina neman abin faɗi, Yaya ta riga ni.

"Wannan ai Baturiya ce, Kaka. Ba ta san komai ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, har ta dafa kafaɗata. Suka yi dariya suka wuce wani zancen. Ni kuwa na yi ta juya maganar kwana da kwanaki. Yaya tana da Kano gaba ɗaya a bakinta, da gwaggwanni da tsofaffi da waƙoƙin biki. Ni abin da nake da shi kicin ɗin nan ne kawai, shi ma ta shigo.

Wata Alhamis na tarar da ɗan matashin cike da allura. Yaya ta zura su tun Laraba. Wani zaren ya yi tsawon da zai harɗe, wani gajere, biyu ma babu ƙulli. Suna hira na zare su ɗaya bayan ɗaya na sake zurawa daidai tsawon hannun tsohuwar, yadda take so. Babu wadda ta lura, ko da na cire ko da na mayar.

Umma ta lura da ni dai. Muna wanke-wanke ta tambaye ni me 'yar'uwata ta yi mini da nake kumbure-kumbure. Na ce ba komai. Ta ce tsohuwar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, in bar ta ta sami mai ɗebe mata kewa. Na ce na sani. Ban ce mata shekara uku ni ma abin da na ɗauka nake yi ke nan ba.

A lokacin ake shirin auren jikar tsohuwar, 'yar babbar 'yarta. Ba a coci za a yi ba, a ofishin council inda ake rajistar aure. Tsohuwar ba ta so haka ba, amma ta haƙura, ta duƙufa ɗinka wa amarya farin hankici mai ado a gefe. Ta ce amarya za ta riƙe shi ranar aure, in an haihu a mayar da shi hular jariri.

Saura kwana tara biki, Yaya ta tsaya darasin yamma a makaranta, na shiga ni kaɗai. Na ɗauka za mu koma shirunmu. Amma bakin tsohuwar ya riga ya saba. Tana ɗinki ta ce akwai abu ɗaya da ke damun ta. A ƙauyensu mace ba ta fara yi wa amarya barka. Dole namiji ya fara, ko wane ne, sannan mata. In mace ta riga, auren yakan zo da wahala. Ranar nata auren an shirya kawunta ne zai fara, yana tsaye a ƙofar coci. Sai wata yarinya 'yar maƙwabta, wadda kowa ya san ta so angon, ta ratsa mutane ta sumbace ta a kumatu ta yi mata fatan alheri. Kafin shekara ta zagayo ɗanta na fari ya koma yana da kwana huɗu, ciwo ya shiga shanun, suka haɗa kaya suka taho Landan. Ta ce ta san malamin cocinsu ya ce shirme ne, 'ya'yanta ma dariya suke yi mata. Duk da haka ta sa ƙaramin ɗanta ya yi mata alkawari, ana gama sa hannu zai miƙe ya fara.

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ban faɗa wa 'yar'uwarki ba, kullum sai mu shiga wani zancen. Ki gaya mata. Kin san ta da zumuɗi."

Na ce to.

Ban fita da niyyar ɓoyewa ba. Amma da na isa gida na ga Yaya tana cin abinci tana ba Umma labarin makaranta, sai na ji ba na so in ba ta. Wannan ne abu na farko da tsohuwar ta faɗa mini wanda ba ta faɗa mata ba. Jaririn nan mai kwana huɗu, ni kaɗai na san da shi. Na ce gobe. Gobe na ce jibi.

Ranar Asabar aka yi. Umma ta yarda mu je tunda ba coci ba ne, Yaya kuma ta nace sai mun yi anko, muka saka atamfa iri ɗaya. Ita ta tura tsohuwar a kujera mai taya, ni na riƙe jaka da sanda. Ɗakin ƙarami ne, kujeru layi biyar, furannin roba a kan taga. Ma'aikata biyu ne: wata mata da ke tsaye tana karanta abin da ake maimaitawa, da wani dattijo zaune a tebur da takarda da alƙalami. Na sami kujerar ƙarshen layi, kusa da teburin. Na lura tabaransa yana rataye da igiya, babban yatsansa kuma da filasta. Ango ya sa hannu, amarya ta sa. Dattijon ya karɓi alƙalaminsa, ya sunkuyo ya yi mata wata 'yar magana, ta yi murmushi. Shaidu suka zo suka sa nasu.

Sai ɗakin ya yi ɗan shiru, kowa na jiran wani ya motsa. Ɗan tsohuwar, wanda ya yi alkawari, yana ta fama da wayarsa, hoton bidiyo yake ɗauka ya rasa inda zai tsayar. Tsohuwar tana yi masa alama da ido bai gani ba. Yaya ta sunkuyo kunnena.

"Me ake jira? Su ba sa guɗa ne?"

Na san abin da ya kamata in ce. Kalmomi huɗu ko biyar ne.

"Ki je mana," na ce. "Ke da ba kya jin kunya."

Ta miƙe. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a cikin ofishin council, ta tafi da sauri ta rungume amarya ta yi mata barka da Turanci, ta ƙara da Hausa. Ɗakin ya kwashe da dariya da tafi. Amarya ta ji daɗi sosai, ta riƙe ta aka yi musu hoto. Ni tsohuwar nake kallo. Ta damƙe hannun kujerarta har yatsunta suka yi fari, leɓenta na motsi, ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu kamar yadda suke yi in suna addu'a.

A wajen cin abinci ba ta ci komai ba. Da Yaya ta tafi ɗebo mata ruwa, ta jawo ni kusa ta tambaye ni ko na gaya mata. Na gyaɗa kai. Ta sake ni.

Ranar Litinin Yaya ta ƙwanƙwasa, tsohuwar ta leƙo ta ce yau ta gaji. Talata ma haka. Alhamis na tura ƙofa na same ta a sakaye, babu kowa sai ita. Na zauna a kujerata. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na sha shayina da zafinsa, na saurari agogon bango, na ce a raina komai ya koma daidai.

Alhamis ta biyu na ɗauko matashin na ga allura ashirin suna nan yadda na soke su. Burodin da ta yanka mini na kanti ne, a cikin leda. Wayarta na kan tebur kusa da hannunta, sau biyu ta kira jikar ina zaune, ta tambaye ta ko lafiya, ko ta isa gida, ta ce ta yi hankali da tuƙi. Na ji jikar tana dariya tana cewa ba abin da ya same ta. Tsohuwar ta ajiye wayar ta ci gaba da kallon ta. Shiru ne kamar na da, amma na kasa zama a cikinsa, na yi ta gyara zama har lokacin tafiya ya yi.

A gida Yaya ta daina ce mini Baturiya. Wata yamma muna ninke kaya ta tambaye ni ko guɗar ce ta ɓata wa Kaka rai, ko a wurinsu rashin kunya ne. Na ce wataƙila. Ta ce ta ɗauka ta sami mutum ɗaya a garin nan da ba ya cewa ta maimaita in ta yi magana. A makaranta in ta buɗe baki sai an kwaikwayi Turancinta, abincin rana ma a ɗakin karatu take ci ita kaɗai. Makarantarmu ɗaya, ban taɓa lura ba. Na ji tausayinta. Amma ko a lokacin akwai wani gefe na zuciyata da ke cewa, ai ita ta fara shigar mini wuri.

Dattijon mai alƙalami ya dawo mini ne ina cikin bas, da na ga wani mutum da filasta a yatsa. Na sake kallon abin a raina daga farko: ya karɓi alƙalamin, ya rufe shi, ya sunkuyo. Na ji abin da ya ce, don ni ce mafi kusa. Murna ya taya ta. Ita kuma ta ce ta gode. Shaidu ba su ma taso ba, balle Yaya. Na sauka a tasharmu na san abin da ke hannuna, na kuma san abin da zai biyo baya in na faɗa. Na riƙe shi kwana biyu.

Alhamis ta uku na zauna, babu allurar da zan zura. Na fi rabin awa ina shirya maganar a baki. Da na fara sai ta fito a cakuɗe, na fara da filasta da igiyar tabarau kafin in zo kan abin da ya ce. Tsohuwar ta sa na maimaita. Ta tambaye ni ko na tabbata namiji ne ba matar ba, ko da baki ya faɗa ba kai ya gyaɗa ba, ko kafin shaidu ne ko bayan. Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya, har da gefen da ya sunkuyo. Ta ɗauki waya ta kira jikar. Jikar ta yi ɗan tunani ta ce ƙwarai, mutumin kirkin nan, ya ma ce rubutunta yana da kyau. Tsohuwar ta ajiye wayar, ta cire tabarau, ta share ido da bayan hannu tana dariya. Ta ce ashe ma'aikacin council ne ya cece su, mutumin da bai san ma ya yi ba.

Na jira ta ce wani abu a kaina, a kan idon da ya gani. Abin da ta ce shi ne in je in kira mata 'yar'uwata, yarinya ce, mantuwa ta yi, ita tsohuwar ce ta yi mata tsanani.

Da na tashi na tafi da an wuce wurin. Na miƙe, na kai bakin ƙofar kicin, na tsaya ina kallon ƙasa.

"Ban gaya mata ba. Ba ta sani ba."

Ta mayar da tabarau ta dube ni, irin duban da take yi wa ɗinki in tana neman inda ya karkace.

"Wadda ta yi mini haka a ƙofar coci," in ji ta, "ita ma ba ta da yawan magana."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Ta ɗauko matashin, ta zare allura ɗaya mai farin zare, ta jawo kwandon ɗinki da kanta. Ta sake cewa in je in kira ta.

Na sami Yaya a kwance tana kallon silin. Na faɗa mata komai a tsaye, a gajarce, da Hausa da Turanci a haɗe, ban bar inda na gyaɗa kai ba. Ta tashi zaune ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce mako uku tana cewa guɗarta ce ba ta yi daɗi ba, har gwadawa take yi a banɗaki a hankali. Ta ce ni muguwa ce, masu shiru-shiru dama su ne abin tsoro, kuma sai ta gaya wa Umma, ko da yake ba yau ba, sai ranar da na ɓata mata rai. Tana maganar tana neman mayafi. Murnar da ke fuskarta ba ta ɓoyu ba, ni kuma da na gan ta kishin nan ya sake motsa mini, bai tafi ko'ina ba.

Muka fito. Tsakanin ƙofarmu da ta tsohuwar taku shida ne, Yaya na gaba, har ta fara jero abin da za ta faɗa. Ni kuwa tambaya ɗaya ce ta tsaya mini tun a kicin: yarinyar nan ta ƙofar coci, me ya same ta daga baya, kuma ko sun sake yin magana. Na san in muka shiga Yaya za ta buɗe baki, hira ta ɗauke su, ko kuma ita ta yi tambayar kafin in gama haɗa ta. Ta ɗaga hannu za ta tura ƙofa, na riƙe gefen mayafinta.

"Yaya, in mun shiga, bayan kun gaisa, don Allah ki ɗan yi shiru. Akwai abin da nake so in tambaye ta. Ki bar ni in yi da kaina."